Ranar da Yaya Haruna Ya Fasa Robar Sajan Tanko

Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku, domin Ummanku ba ta iya riƙe magana daga azahar zuwa la'asar. Wai Baffanku Haruna ya zo Guangzhou ya ci tuwona, ya sa wuƙa ya lalata mini abin da ya fi komai daraja a gidan nan, ya kaɗa rigarsa ya koma Kano ko haƙuri bai ba ni ba. Wai shi ya sa kai Khalifa ka ɗauke ƙafa daga gidansa, ke kuma Sadiya sai dai ki tura masa gaisuwar salla a waya kamar wadda aka sa dole. To, duk abin da kuka ji ya faru. Ya ci tuwo, ya sa wuƙa, kuma har gobe bai ba ni haƙuri ba. Amma ku ba kwa cikin ɗakin, kuna makaranta a gida a shekarar, ni kuwa ina ciki, kuma kayan nawa ne. Saboda haka ku bari in ba ku labarin da kaina tun ina iya riƙe alƙalami.

Kakanku Malam Bawa tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa suka kai yaƙin Bama. Bai dawo da wani abin kirki ba sai tari mai naci da wani littafin zane da wani sojan Amurka ya ba shi lokacin da suke kwance a asibiti a Indiya. Ya rasu ban ko yi famfara ba. Ba na tuna fuskarsa, ba na tuna muryarsa, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini rai fiye da yadda na taɓa gaya wa kowa. Abin da ya tsaya mini a kai kawai shi ne bangon littafin nan: wani ƙato cikin matsattsun kaya ruwan ɗorawa, da koriyar alkyabba tana kaɗawa a bayansa, ya riƙo jirgin yaƙi ta wutsiya yadda mai kaji ke riƙo zakara a kasuwa. Sai kuma sunan da ake kiransa da shi a gidanmu, Sajan Tanko. Littafin ya ɓace cikin hidimar rasuwa. Wasu sun ce Inna ta hura wuta da shi, wasu sun ce gara ce, ni dai ban kama kowa ba. Yaya Haruna ne ya riƙe ni daga nan. Bai yi boko ba, ya zauna a kasuwar yadi tun yana saurayi don ni in yi, kuma har yau da nake da furfura da jikoki ba ya kira na da komai sai Auta.

Na yi shekaru a garin nan ina cika wa mutane kwantena zuwa Legas da Kwatano kafin ciwon tara littattafan nan ya kama ni. A lokacin Sin tana sayen tsofaffin takardu daga ƙasashen Turawa jirgi-jirgi, ana niƙa su a yi kwali, kwalin da mu kuma muke zuba takalma a ciki mu tura gida. Akwai masu wayo da ke tsince littattafai daga tarin kafin inji ya haɗiye su. Ɗayansu shi ne Lawban Lin, wani siririn mutum mai sanƙo da ke da shago a bayan tashar jirgin ƙasa ta metiro a unguwarmu a Panyu. Lawban dai maigida ke nan a bakinsu, kuma kowa lawban ne a garin nan har mai facin keke. Ruwan sama ne ya kora ni shagonsa. Ina ɗan jujjuya kaya don kada a ce fakewa kawai na zo yi, sai na ci karo da tarin littattafan zanen nan da Turawa ke kira komik, ƙarti sai tashi suke yi a sama ba fiffike. Warin tsohuwar takardar ya daki hancina. Sinancina na ciniki ne, bai kai ga bayanin jarumi ba, don haka na tsaya a tsakiyar shagon mutum, Alhaji guda, na baza babbar rigata ta baya, na ɗauki wata 'yar fankar tebur ta wuya na ɗaga sama. Lin ya kalle ni tsaf har na gama.

"Meyo," in ji shi. Wato babu.

Sannan ya zaro wani daga ƙarƙashin kanta ya ce, wannan fa? Ba Sajan Tanko ba ne, amma ɗan uwansa ne ta wajen tela. Na saya. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru: in je, ya ce meyo, ya ce wannan fa, in saya. Kafin in farga kabad ya cika, na soma hira a waya da wasu tsofaffi irina a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, muna gardama a kan wane mai zane ne ya fi iya zana dunƙulen hannu.

Kada ku ɗauka wasan yara na yi ta tarawa. Littattafan nan an buga su ne a takarda mafi arha, don yaro ya karanta ya yar. Da yaƙin duniya ya ɓarke aka riƙa tura su ga sojoji a dauri-dauri, a gida kuma aka ce yara su kawo tsofaffin a niƙa don aikin yaƙi. Waɗanda suka tsira daga wannan, iyaye mata suka share su da tsintsiya. Shi ya sa abin da a da ake naɗe kifi da shi yau ake ajiye shi kamar zinariya. Kuma in ka jera su bisa shekaru za ka ga abin da ke hana mutanen can barci a kowane zamani: yau jarumin yana naushin sojan abokan gaba, gobe yana kokawa da bam, jibi da wani abu da ya faɗo daga wata. Na kuma ga abin da bai yi mini daɗi ba. A tsofaffin na lokacin yaƙi, irinmu ko dai babu mu sam, ko kuma an zana mu da manyan leɓɓa muna ɗauke da akwatin wani a ka. Alhali ubana yana can cikin dajin da sauro da harsashi, tare da dubban irinsa, babu wanda ya ga ya dace a zana shi.

Ummanku ba ta ga tarihi a ciki ba, ta ga kabad ɗinta. Kun san watannin nan na bayan sanyi da bango ke gumi a garin nan, tayil ya yi santsi, wanki ya kwana uku a igiya yana nan jiƙe. Na sayo injin tsotse danshi na sa wa littattafai, na rufe su a ɗaki ɗaya, ita kuma lesunanta suka yi fumfuna a ɗaya ɗakin. Na sayo farar safar hannu da nake sawa kafin in taɓa su. Ranar da ta fara gani na da ita ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi.

"Alhaji, tiyata za a yi?"

"Hajiya, gumin hannu yana ɓata takarda."

"Ikon Allah. 'Ya'yanka biyu na haifa maka, ko ɗaya ban ga ka sa safa ka ɗauka ba. Sai waɗannan ƙartin da ba su san wando ake fara sawa ko ɗan kamfai ba."

Wata safiya Lin ya kira ni a waya, abin da bai taɓa yi ba. Bai ce meyo ba. Wani abokin cinikinsa a ƙetare ya samo abin da na yi ta kwatantawa da fanka. Na rufe ofis a Huanshi Lu na shiga tasi. Ya ajiye mini shi a kan kanta: ruwan ɗorawa, koriyar alkyabba, jirgi ta wutsiya. Na zauna a kan kwalin da ke kusa ba tare da an ce in zauna ba. Sai dai littafin yana cikin wata roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi, an liƙe ta ta ko'ina, da wata 'yar takarda a sama da ke shaida cewa masana sun duba lafiyarsa. Lin ya yi mini bayani da baki da hannu da waya: darajarsa tana cikin rufin nan. Muddin yana rufe, dukiya ce da ke ƙaruwa. Ranar da aka fasa robar, ya zama tsohuwar takarda. Ya ja yatsa a wuyansa don in gane da kyau. Ni da ban taɓa biyan ko katan ɗin ashana ba tare da na buɗe na gani ba, na biya abin da ba zan rubuta a nan ba don Ummanku tana karatu. Na kai shi gida na ajiye a saman kabad. Kullum in na dawo daga aiki sai in sa safa in ɗauko shi in kalli bangon, in juya in kalli bayan, in mayar. Na san ana samun hotunan cikinsa a waya, amma ban nema ba. Ina ganin kamar ubana yana ciki a rufe, kuma ba ta taga nake so in leƙa shi ba.

A shekarar ne Yaya Haruna ya zo. Bai taɓa hawa jirgi ba sai na Makka, amma masu kawo masa shadda sun soma cewa ya zaɓi kaya ta hoton waya, shi kuma ya ce bai ga ranar da zai sayi yadi da ido kawai ba. Dole ku fahimci wannan game da Baffanku, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kanku ba. A wurinsa, da duk tsofaffin layinsu a kasuwa, sayen kaya a rufe ba sakaci ba ne kawai, abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi har jikokinsa. Yana da wata 'yar wuƙa mai naɗewa a aljihun gaba wadda ta girme ku duka. Na kai shi kasuwar Sanyuanli, na yi da-na-sani. Duk dilar da aka nuna masa sai ya farke ta, ya zaro na tsakiya ba na sama ba, ya tsinke zare ya ƙona da ashana ya shinshina, ya lashi babban yatsa ya murza a jiki ya ga ko launi zai zuba. Wata mai shago ta bi mu har titi tana masifa da Sinanci, shi kuwa ya juyo ya ce mini, "Auta, gaya mata na gode, amma kayanta akwai roba a ciki."

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci Ummanku ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba man shanun da Yaya ya kawo mana daga gida. Na gayyato maƙwabcina a ofis, Alhaji Isufu mutumin Damagaram, mai surka Hausa da Faransanci, don ya taya ni hira da baƙo. Wannan shi ne gayyatar da ta jawo komai, domin Isufu ba ya ganin zaman lafiya ya ƙyale shi. Muna tsakiyar ci ya goge baki ya dubi Yaya.

"Bon, Alhaji babba, ƙanenka ya nuna maka ɗakin da ya fi na matarsa sanyi?"

"Wane ɗaki?"

"Inda yake ajiye mutanensa masu tashi sama. Akwai babbansu ma, wanda ba mai taɓawa. Ni shekara guda ina roƙo, daga nesa ake nuna mini shi kamar jinjirin wata."

Yaya ya dube ni. Ya miƙo hannu, hannun da ya gama cin tuwo ya ɗauraye sama-sama. In yayanka ya miƙo hannu a gaban baƙo, ba ka tambayarsa me zai yi. Na tashi na ɗauko. Na ma ji kunyar sa safar. Gaskiya kuma akwai alfahari a raina, ina so ya ga abin da Auta ya iya samowa daga ƙarshen duniya. Ya karɓa, ya matsar da shi nesa da ido, ya matso da shi kusa.

"Sajan Tanko," in ji shi a hankali, kamar mai gaida wanda ya daɗe a tafiya.

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai ya juya robar, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya nemi bakinta bai samu ba.

"Ta ina ake buɗewa?"

"Ai ba a buɗewa, Yaya."

"Ba a buɗewa. To kai da ka saya, ka ga cikinsa?"

"Masana sun duba, ga shaidarsu nan a sama."

"Ban tambaye ka masana ba. Kai, da idonka."

"A'a."

"Ka biya?"

"Na biya."

Ya ajiye robar a cinyarsa ya yi salati. Ya dubi Isufu kamar mai neman a taya shi jaje. Ya ce shi ya san ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan yaron nan, ya kai shi makaranta, ya zaunar da shi a shago duk hutu, ashe duk a banza. Ya ce wa ya sani ko bango ne kawai aka liƙa a kan jaridar Sinanci. Yana magana hannunsa yana shiga aljihun gaba.

A nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau, domin a nan kuke cewa an zalunce ni. Ina zaune kusa da shi, hannuna zai kai. Kalma biyu ce: Yaya, bari. Da na faɗe ta da ya bari, don ba mahaukaci ba ne. Amma da na faɗe ta, da na gaya wa mutumin da ya haƙura da karatu saboda ni, a gaban baƙo, cewa akwai abin ubanmu da ya fi ƙarfin hannunsa. Na auna wannan da abin da Lin ya nuna mini da yatsa a wuya. Ban iya faɗa ba, ban kuma iya yin shiru ba, sai na bi ta bayan gida.

"Yaya, tuwon zai huce."

"Na ƙoshi."

"Robar nan tana da tauri, kada ta yanke ka."

"Na farke dilar da ta fi ta."

"Ko mu bari sai an yi la'asar?"

"Da saura."

Na waiga wajen ƙofar kicin neman agaji. Ummanku tana tsaye, ita da ba ta haɗa ido da Yaya saboda kunyar wan miji, amma wallahi na ga kafaɗunta suna rawa a cikin mayafi. Isufu ya daina tauna. Wuƙar ta sami gefe, Yaya ya murɗa, robar ta ce ƙas. Na ji ƙarar nan a haƙorina. Ya zaro littafin da yatsu biyu, ya lashi babban yatsa ya murza a kan koriyar alkyabbar ya duba ko launi ya zuba, ya bar mata tambarin man shanu da ke nan har yau. Ya shinshina. Ya buɗe shafin farko, ya gyara zama, ya yi wani ɗan tari wanda ba nasa ba.

"To, ku ji ikon Allah," in ji shi. "Wannan da kuke gani Sajan Tanko ne, mutumin Rano. Kada farinsa ya ruɗe ku. Baƙi ne kamar ni, mai zanen ne baƙin fenti ya ƙare masa saboda yaƙi."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na zauna a ƙasa ba. Yaya ba ya karanta ko harafi ɗaya na Turanci, kamar yadda Baba ma bai iya ba. Abin da Baba ya yi shi ne ya ƙaga labarinsa a kan hotunan, ya yi ta ba su Yaya shi a ƙofar ɗaki har ya zauna daram a kan Yaya, shafi bayan shafi. Sajan Tanko yana tashi sama ne saboda albarkar uwa. Kayansa sun matse ne saboda telan soja ɓarawon yadi ne. Mugun nan mai gilashi a ido ɗaya, tsohon mai karɓar haraji ne da ya sami ƙarin girma. Baturiyar da ya ɗauko daga gidan da ke cin wuta ƙanwar hafsansu ce, kuma ku duba da kyau, bai ko kalle ta ba, don yaro ne mai tarbiyya. Duk saurin nan da yake yi, so yake ya gama yaƙin ya koma gida kafin ruwan shuka. Isufu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi dai wannan tsawo da faɗin kafaɗa bai yi masa kama da na Rano ba, a bincika, akwai jinin Damagaram. Yaya ya ce masa a yi masa shiru ana magana.

Ni ban yi dariya ba. Tarin nan da "ku ji ikon Allah" ɗin nan sun buɗe mini wani abu da na ɗauka babu shi. Na tuna ina zaune a cinyar mutum, bayana a jikin ƙirjinsa, ina jin maganar tana girgiza ta cikin haƙarƙarinsa kafin ta fito. Na tuna warin taba da sabulun wanki a rigarsa. Na tuna yatsansa mai karyayyen farce yana bin jirgin. Shekara da shekaru ina sa safa ina kallon bango ina jiran wannan, ashe ba a cikin robar yake ba, yana bakin mutumin da nake kira duk Juma'a mu yi maganar farashin shadda. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, a gaban Isufu da ba ya rufa wa kowa asiri.

Yaya ya kai inda aka ɗaure Sajan Tanko da sarƙa aka jefa shi cikin teku. Ya sauke murya yadda ake yi in labari ya ƙare, ya ce, "Sauran kuma sai ya dawo daga yaƙi zai faɗa da bakinsa." Ya zo rufe littafin, sai ya tsaya. Ya murza gefen takardar. Ya juya, ya sake juyawa. Ashe na Baba a nan ya tsaya, an yage ƙarshensa tun kafin ya zo hannunsa, kuma Yaya ya girma ya tsufa da Sajan Tanko a ƙarƙashin ruwa.

"Auta," in ji shi, da wata murya ta yaro ƙarami. "Akwai saura."

Ya daɗe yana kallon hotunan da bai taɓa gani ba. Sannan ya miƙo mini.

"Kai ka yi boko. Ƙarasa mana. Ya fita?"

Na karɓa da hannuna tsirara. Na karanta Turancin a zuci. Sunansa ba Tanko ba ne, ba shi da uwa ko gona, wani ruwan magani ya sha daga ɗamararsa ya tsinke sarƙar, ya yi wani barkwanci marar daɗi, a shafin ƙarshe kuma ya juyo yana roƙon yara su tara tsofaffin takardu su kai a niƙa. Na ɗaga kai na ga tsoho mai furfura ya zuba mini ido yana jira. Na yi tari, nawa bai yi kyau kamar nasa ba.

"To, ku ji ikon Allah. Yana can ƙasan ruwa sai ya ji ƙamshin ƙasa, ya san an yi ruwan fari a Rano, ga shi ko iri bai tanada ba. Sannan ransa ya ɓaci."

"Baba ba ya cewa sannan," in ji Yaya. "Daga nan, yake cewa."

"Daga nan ransa ya ɓaci. Ya ce da sarƙar, ke ko ni."

"Yawwa."

Haka na yi ta lalube yana gyara mini, Isufu yana sa baki ana korarsa, Ummanku ta fito daga kicin ta zauna a bakin ƙofa ta manta da kunya. Na fito da Sajan Tanko daga ruwa, na sa ya mayar da mai haraji garinsu a ƙafa. Da muka zo shafin da yake nuna mai karatu da yatsa, na ce sallama yake yi, yana cewa a gaida mutanen gida, yana nan tafe. Yaya ya share ido da hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama na san ruwa ba zai ci shi ba." Muka tashi muka yi la'asar a makare.

Da na kai wa Lin fasasshiyar robar in tambaya ko ana gyarawa, ya dafe sanƙonsa da hannu biyu ya ce "Aiya," ya zaunar da ni ya haɗa mini shayi yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Ba a gyarawa. Abin da ya tafi ya tafi, kuma ba ƙaramin abu ba ne, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ranar da Yaya zai koma, ni da kaina na ɗauko littafin. Ba roƙo ya yi ba, ba kuma ɗauka ya yi ba. Na sa shi a sabuwar leda, na tokare shi da kwali gaba da baya don kada ya lanƙwashe, na ba shi a filin jirgi. Ya zare ledar ya miƙo mini, ya miƙo mini kwalin, ya ninke littafin biyu ta tsawo, ya zura a aljihun gaba. Na ji kamar gadon bayana aka ninke. Ya dafa kafaɗata.

"Kayan suna da kyau, Auta, ba a cuce ka ba. Amma gaba ka riƙa buɗewa."

Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya fita kasuwa. Littafin yana ƙarƙashin matashinsa. Farkon labarin yana kansa, ba ya buƙatar ido ko mataimaki, amma ƙarshen sau ɗaya ya taɓa ji, a bakina, ni kuma gwiwa da nisa sun riƙe ni a nan. Khalifa, ka ɗauki ƙanwarka da yaranku ku je ranar Juma'a. Ku zauna a ƙasa, ku bar shi ya yi tarinsa, ku ji kakanku. In ya kai wajen sarƙar zai miƙo maka ya ce ka ƙarasa. Ka karɓa da hannu biyu, kuma kada ka kuskura ka karanta masa Turancin.